Sai An Taɓa: yadda aikin ke tafiya

4 ga Janairu

Yau na share ɗakin aiki na fitar da tarkacen bara, na manna zanen a bango, to daga yau an fara kenan in sha Allah. Na yanke shawarar in riƙa rubuta abin da ke faruwa, saboda aikin da nayi na baya sai da na gama sannan na rasa dalilin da yasa na canza rabin abubuwan da na canza, kuma abin ya dame ni.

Ga abin da nake son ginawa. Wani abu ne kaman rumfa mai zagaye, tsayinta mita biyu da rabi, faɗinta mita uku, mutum zai shiga ta nan ya fita ta can. Firam ɗin ƙarfe ne, haƙarƙarinta katako, daga sama bututun almini suna reto wanda in kafaɗarka ta taɓa su zasu yi amo, a gefe ɗaya kuma bangon ɗanyen yumɓu da kowa zai danna yatsansa ya bar shaida. Akwai maganar ƙamshi ma amma ita ban gama tunaninta ba. Sunan da na sa wa aikin Sai An Taɓa, domin in ba a taɓa shi ba ƙarfe ne da katako kawai a tsaye, babu sauti babu komai.

Asalin abin, shekara uku da suka wuce na kai ɗan ƙanwata wani baje kolin sassaƙa, lokacin shekararsa shida. Akwai wani dutse da aka goge yayi sumul kaman ruwa, yaron ya miƙa hannu, mai gadi ya daka masa tsawa, shikenan ya cusa hannayensa a aljihu bai sake fitar da su ba har muka bar wajen. A hanya yace min "Kawu, to me yasa suka yi shi da santsi in ba za a taɓa ba?" Wallahi har yau tambayar nan na raina. Ban ga laifin mai gadin ba, aikinsa yake, kuma gumin hannu akwai gishiri da maiƙo, yana cin ƙarfe yana dafe dutse. Amma wanda ya sassaƙa dutsen nan ai wata da watanni yayi yana shafa shi, da tafin hannunsa ya gane cewa ya kai, sai kuma mu a ce mana ido kawai.

Ba ni na fara wannan tunanin ba. Lygia Clark 'yar ƙasar Birazil tun 1960 ta fara yin wasu abubuwa da ta kira Bichos, wato dabbobi ko halittu a harshen Fotugal. Falle-fallen almini ne da aka haɗa da hinji kaman na ƙofa, ba su da gaba ba su da baya, wanda ya ɗauka shi zai lanƙwasa su yadda ya ga dama, su kuma wani lokacin su ƙi bin hannunsa. Abin da ke ban tausayi shi ne yanzu na asalin sun yi darajar da ba a barin kowa ya taɓa, sai dai a ajiye kwafi a gefe. Ni dai ina so nawa ya tsufa a hannun mutane.

13 ga Janairu

Firam ya tashi. Kwana biyar muka yi da mai walda, mutum ne mai haƙuri sosai, amma da nace masa duk inda aka yi walda sai an goge shi da giranda har yatsa ya wuce bai ji komai ba sai ya tsaya yana kallona yace "Malam ai fenti zai rufe." Nace fenti ido yake rufe wa. Ya sa babban yatsansa a kan ɗinkin ya ja, ya ji ƙwarzanen, bai ƙara cewa komai ba ya ɗauko giranda.

Ƙafafu takwas, kowacce da farantin ƙarfe a ƙasa da ramin kusa huɗu.

27 ga Janairu

Sati biyu kenan ina fama da bututu. Na sayo na almini mai faɗin milimita 25, na yanka guda goma tsayi daban-daban, na huda kowanne a can bakin sama na rataye da igiya, na buga, sai naji "ƙwal" kaman an buga murfin tukunya da ya tsage, sautin ya mutu nan take. Na ɗauka alminin ne mara kyau har na fara tunanin komawa jan ƙarfe, ashe hujin ne ba a wajensa yake ba.

Ga yadda abin yake, kuma na rubuta shi a nan don kar in manta. Bututu in an buge shi karkarwa yake yi, tsakiyarsa da bakunansa biyu su suka fi motsi, amma akwai wurare biyu da kusan ba sa motsi kwata-kwata, kowanne yana nisan kashi 22.4 cikin ɗari na tsayin bututun daga baki. In ka rataye shi a nan igiya bata hana shi rawa, in ka rataye a wani waje kuwa kaman ka riƙe maƙogwaron mai waƙa ne. Wato bututu mai tsayin mita ɗaya, hujinsa a santimita 22.4 daga sama. Na auna na sake hudawa na buga da guntun katako, sautin ya tashi ya tsaya a cikin ɗakin yana shawagi, na ƙirga har goma sha biyu bai gama ɓacewa ba. Na zauna a ƙasa na sake bugawa ya fi sau ashirin, ni kaɗai.

Abu na biyu, tsayi da sauti ba tafiya ɗaya suke ba yadda na zata. In ka raba bututu gida biyu yawan karkarwarsa ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi. In ninki biyu kake so to kusan kashi 71 cikin ɗari na tsayin farko zaka yanka. Wannan yasa gajerun da na fara yankawa suka yi tsini da yawa har suna soka kunne, dole na ajiye huɗu daga ciki.

Na zaɓi sautuka biyar kawai waɗanda ko ta ya aka haɗa su basa faɗa da juna, saboda ba mawaƙa ne zasu shiga rumfar ba, yara ne da tsofaffi da wanda kawai ya ratsa da kafaɗa, kuma bana son mutum ya taɓa ya ji kaman yayi ɓarna. Daren jiya na daɗe ina sauraron ayyukan Harry Bertoia, ɗan asalin Italiya da ya zauna a Amurka, wanda yawanci an fi saninsa da kujerar waya da ya ƙera, amma a shekarun 1960 da 1970 ya cika wani tsohon sito a Pennsylvania da sandunan ƙarfe a tsaye kaman karan dawa a gona, in ka ratsa hannu a cikinsu su yi ta kuwwa minti guda ko fiye. Shi daga ƙasa nasa suke tsirowa, ni nawa daga sama suke saukowa, a nan na fi kusa da Jesús Rafael Soto na Benezuwela da ya riƙa rataye dubban siraran igiyoyin roba mutum ya kutsa cikinsu ya ɓace. Bambancin dai ina so nawa su amsa da murya.

Guda 48 nake bukata, na gama 19.

9 ga Fabrairu

Katako. Haƙarƙari goma sha shida, kowanne na bi shi da sanfefa lamba 80, sannan 120, 220, wasu har 400. Da gangan ban kai su duka mataki ɗaya ba, na farko daga ƙofa na bar shi da kaushinsa har sawun kurfi na nan, kana tafiya suna ƙara laushi, na ƙarshe kaman fatar jariri. Ban sa banish ba sam, domin banish wani gilas ne tsakanin hannu da itace, mai kawai na shafa da ɗan kakin zuma.

Wani abu da na lura da shi yau da safe, na dafa katakon da hannun hagu na dafa ƙarfen firam da na dama, ɗaki ɗaya iska ɗaya, amma ƙarfen sanyi ƙalau katakon kuwa da ɗumi-ɗumi. Zafinsu ɗaya ne fa, ƙarfe ne ke saurin zuƙe ɗumin hannunka shi yasa kake jin sanyinsa. Wannan ya bani shawarar in saka ƴan faifan jan ƙarfe a jikin katakon daidai inda tafin hannu zai faɗa, mutum na shafawa sai kwatsam ya ji sanyi. Na gwada guda uku, yayi.

Yatsuna duk sun tsattsage da ƙurar sanfefa, sai da na huta kwana biyu.

18 ga Fabrairu

Maganar ƙamshi ta bani wahala fiye da yadda na zata kuma har yanzu ban gamsu ba.

Abin da ya ja ni tun farko aikin Ernesto Neto ne, shima ɗan Birazil, yana ɗinka yadi mai miƙewa kaman safa ya rataye daga rufi ya cika ƙasansa da kanumfari da kurkum da barkono, su yi ta lilo kaman manyan ɗigon ruwa, garin na tsattsafowa ta cikin yadin yana rina shi, kafin idonka ya ga aikin hancinka ya riga ya shiga. Sai nima na ɗinka jakunkuna shida na cika su da abubuwa masu ƙamshi iri-iri na rataye a tsakanin bututun. Ranar farko daɗi. Rana ta biyu duk sun cakuɗe sun zama wani abu guda mai nauyi da ba za ka ce ga shi ba, kuma abokin aikina da ke zuwa taya ni yana da asma, minti goma yayi a ciki ya fito yana tari, sai da ya zauna a waje ya shaƙi maganinsa. Hankalina ya tashi sosai. Ido in baka son abu ka kau da kai, hannu ka janye, amma hanci ba a rufe shi, duk wanda ya shigo ka tilasta masa kenan.

Ga kuma wata matsalar, hanci na saurin sabawa. Ni da nake wuni a ɗakin bayan ɗan lokaci bana jin komai sai in ƙara zubawa, wanda ya shigo daga waje kuwa kaman an mare shi.

Na sauke jakunkunan duka. Yanzu abin da ya rage ƙamshin katakon kansa da kakin zuma, sai na yumɓu in an yayyafa masa ruwa, irin ƙamshin nan na ƙasa in ruwan farko ya sauka. Wannan baya bin mutum, sai ka matso ka kai fuskarka kusa sannan ka same shi, kuma ina ganin haka ya fi dacewa da sunan aikin.

2 ga Maris

Yau ce rana mafi muhimmanci tun da na fara.

Akwai wata malama da ke koyar da yara makafi, ita ma bata gani tun tana ƙarama, wata ƴar uwa ta haɗa mu na roƙe ta ta zo ta duba min aikin. Ta zo da ƴarta. Na fara yi mata bayani daga bakin ƙofa, tace "Malam dakata, kar ka faɗa min komai, in aikin bai faɗa min da kansa ba to da saura." Na ja bakina nayi shiru.

Ta miƙa wa ƴarta sandarta ta shiga da hannu biyu a gaba. Abu na farko, goshinta ya bugi bututu. Ba da ƙarfi ba amma naji kunya ƙwarai, saboda ni na tsara tsayinsu ne a kan mai gani zai hango su ya sunkuya ko ya ture da hannu. Ta tsaya ta kama bututun ya yi shiru, ta bi shi da yatsu har ƙasa, ta shafa bakin, tace nan akwai kaifi. Na goge bakunan nan fa da kaina, na duba da ido naga sun yi, amma ta cikin bakin akwai ɗan zare na ƙarfe da zarto ya bari, ita cikin daƙiƙa biyu ta same shi.

Sannan ta koma kan katako. Ta daɗe a nan. Ta fara daga mai kaushi, ta wuce na biyu, na uku, a na huɗu ta tsaya ta koma baya ta sake farawa, sai naga tana murmushi, tace "kana lallashin hannu ne ko." Da tafinta ya faɗa kan faifan jan ƙarfen ta ɗan zabura ta janye, ta mayar, ta bar hannun a kai har ya ɗauki ɗumi, sannan ta nemi na gaba. Ni ban taɓa tunanin mutum zai tsaya ya ɗumama shi ba. Tace wanda ya zo bayanta zai tarar da ɗuminta a wajen, zai san wani ya riga shi wucewa. Wannan maganar ban shirya ta ba, ban zana ta ba, ita ta kawo ta cikin aikin.

Ta faɗa min gaskiya a kan sautin ma. Tace in duk bututun suka tashi lokaci ɗaya ita ɓacewa take yi, domin da kunne take gane inda bango yake da inda ƙofa take, amon ya rufe mata komai kaman yadda hazo ke yi wa mai ido. Shawararta a bar wata hanya a tsakiya da ba bututu, sannan a jera su daga mai kauri a mashiga zuwa mai siriri a mafita, sautin kansa ya zama jagora. Kuma a canza abin da ke ƙasa, mashiga daban tsakiya daban, ƙafa ta san inda take.

Muna shan ruwa bayan an gama na ba ta labarin gidan tarihin Omero da ke Ancona a Italiya, wanda aka buɗe a 1993, wasu ma'aurata makafi ne suka assasa shi bayan sun gaji da zuwa gidajen tarihi ana ce musu kar ku taɓa, a can komai taɓawa ake yi. Akwai makamancinsa a Madrid da ƙungiyar makafin Sifaniya ta buɗe a 1992. Tace tana murna da su, amma abin da take so shi ne ta shiga inda kowa ke shiga ta taɓa abin da kowa ke taɓawa, ita da ƴarta a tare, kowa da abin da zai faɗa wa ɗan uwansa. Ƴar na gefe tana gyaɗa kai.

Na cika shafi huɗu da gyare-gyare.

7 ga Maris

Na sauke bututu duka 48, na bi cikin bakin kowanne da zagayayyen fayil, na sa musu hular roba a ƙasa. Hular ta ɗan rage tsawon amon amma na yarda da wannan. Na buɗe hanya mai faɗin santimita 90 a tsakiya don keken guragu ma ya wuce, na sake jera su daga kauri zuwa siriri. Ƙasa kuma tabarmar roba mai ƙuraje a mashiga, katako a tsakiya, abin toshe kwalba da aka matse ya zama falle a mafita, shi laushi gare shi kuma yana shanye ƙarar takalmi.

19 ga Maris

Gwaji na farko da jama'a. Mutum 23, ƴan uwa da abokai da maƙwabtan ɗakin aiki da yaransu.

Minti goma na farko ba wanda ya taɓa komai. Manya suka tsaya cirko-cirko a bakin rumfar hannu a baya, wasu suna ɗaukar hoto da waya, suna ce min ma sha Allah yayi kyau. Na rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa a shiga a taɓa, sun karanta, amma jikinsu ya ƙi. Wani dattijo har tambayata yayi "Ɗana, da gaske a taɓa ko dai sunan ne kawai?" Abin ya nuna min zurfin horon da aka yi mana, allo ɗaya ba zai warware shi ba.

Wata yarinya ƴar shekara huɗu ce ta fasa. Ta zame daga hannun mamanta ta ruga ciki, kanta ma bai kai bututun ba, sai ta yi tsalle ta doki ɗaya, amon ya tashi, ta tsaya cak ta buɗe baki. Kafin kace me yara bakwai na ciki, bayansu iyaye wai sun shiga fito da su, su ma suka tsaya. Dattijon nan ya fi kowa daɗewa a wajen yumɓu, ya danna babban yatsa, ya ja baya ya duba, ya dawo ya danna sauran huɗun a jere.

Sai kuma ɗaya gefen abin. Yara biyu suka gano cewa in ka kama bututu biyu ka ja baya ka saki suna haɗuwa da ƙarfi, wani saurayi ya kama sandar sama ya yi lilo da dukkan nauyinsa firam ya girgiza, igiyar bututu ɗaya ta tsinke ya faɗo dab da ƙafar wata mata. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Amma daren ban yi barci ba.

Na tuna abin da ya faru da Robert Morris, mai sassaƙa ɗan Amurka, a gidan baje kolin fasaha na Tate da ke Landan a 1971. Ya cika zaure da katakai da gangara da igiyoyi da manyan ganguna yace mutane su hau su yi wasa, jama'a suka yi ta hawa da tsalle har kayan suka fara karyewa wasu suka ji rauni, kwana huɗu kacal aka rufe baje kolin. Sai a 2009 aka sake gina shi a Tate Modern da kayan da suka fi ƙarfi. Haka Ai Weiwei a 2010, ƙwayar irin furen rana miliyan 100 da aka yi da tangaran, masu sana'a kusan 1,600 a garin Jingdezhen na ƙasar Sin suka yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya da hannu, aka shimfiɗa su a babban zauren Tate Modern don a taka a kwanta a kai, cikin ƴan kwanaki aka hana shiga saboda ƙurar tangaran da takun mutane ke tayarwa tana iya cutar da huhu. Daga nan sai kallo daga bayan igiya. Manyan nan da injiniyoyinsu abin ya faru da su.

Ban ga laifin saurayin da yayi lilo ba ko kaɗan. Na sa sanda a daidai inda hannu ke kaiwa, na rubuta a taɓa, jikinsa ya karanta sandar daidai. In bana son a yi lilo to ko in ɗaga ta inda ba a kaiwa ko in yi ta yadda zata ɗauki mutum. Na zaɓi na biyu.

30 ga Maris

Mai walda ya dawo mun ƙara ƙarfe a gicciye a kusurwa huɗu, mu biyu muka rataya a sandar muna lilo ko gezau. Igiyoyin duk na canza su zuwa siririyar wayar ƙarfe mai rigar roba, kowane bututu da waya ta biyu a ɓoye ko da ta farko ta tsinke. Na kuma ɗaure su daga ƙasa da zare mai miƙewa yadda zasu yi reto su taɓa juna amma ba za a iya ja da su nesa ba.

Na zauna da mai kula da zauren da za a kafa aikin. Mutumin kirki ne amma tsoro ya masa yawa, yana so a sa igiya a kewaye, a riƙa shiga mutum biyu-biyu da ma'aikaci a tsaye yana nuna inda za a taɓa. Nace masa ranka ya daɗe in aka yi haka gara a bar shi a ɗakin aiki. Mun daɗe muna ja, a ƙarshe muka tsaya a kan mutum shida a lokaci ɗaya, ma'aikaci na nan amma a zaune a gefe, kuma aikinsa na farko in ya ga mutane sun tsaya suna jin nauyi ya tashi ya ratsa ta ciki da kansa ya bar bututun suna amo ya koma ya zauna, ba tare da yace komai ba. Abin da yarinyar nan tayi mana kenan. Ya kuma kawo maganar wanke hannu, a nan na bashi gaskiya, za a sa wajen wanke hannu kafin shiga da bayan fita saboda yumɓun.

Ya tambaye ni in katakon yayi dauɗa fa. Nace zai yi. Cloud Gate, wani ƙaton sassaƙen ƙarfe na Anish Kapoor da ke Shikago, kullum sai an goge sawun hannaye daga jikinsa domin shi madubi ne, rayuwarsa a ƙyalli take. Nawa akasin haka ne, ina so bayan wata uku a duba a ga inda hannaye suka fi bi yayi duhu yana sheƙi, inda ba a kula ba yana nan fari. Tun gwajin ranar nan ma haƙarƙari na huɗu da na tara sun fara canza launi a daidai tsayin ƙugu, ban san me yasa su biyun ba, ina ta kallonsu. Felix Gonzalez-Torres a 1991 ya tara alawa mai nauyin fam 175, kusan kilo 79, a kusurwar ɗaki don tunawa da wani nasa da ciwo ya cinye, kowa ya zo ya ɗauki ɗaya tarin na raguwa kaman yadda jikin mara lafiyan ya riƙa raguwa, masu zaure kuma su ƙara zubawa. Raguwar ita ce aikin. Da na ba mai zauren wannan labarin yayi shiru, sannan yace to yumɓun in ya cika da yatsu fa, nan kam ban da amsa a lokacin.

11 ga Afrilu

Amsar yumɓu ta samu, ko in ce rabinta. Maimakon bango ɗaya na yi faranti goma sha biyu na katako masu zurfin santimita huɗu, kowanne a cike da yumɓu, ana zare shi a saka wani. Wanda ya cika a ajiye ya bushe a rubuta kwanan wata a bayansa a jingine a bangon zauren, shima a taɓa shi. Matsalar da ta rage bushewa, na gwaji ya fara tsagewa a kwana na uku duk da ina rufe shi da jiƙaƙƙen yadi da leda da dare. Na ƙara yashi mai laushi a kwaɓin na biyu, na uku kuma na sa zaren takarda da aka jiƙa aka dama, su biyun suna kan benci yanzu ina jira in ga wanda zai fi jurewa.

Malama ta dawo jiya. Ta shiga ba sanda ta fita ta ɗaya gefen ba abin da ya taɓa goshinta, tace sautin na kai ta. Amma ta ce hular robar da na sa wa bututun tana da wari, in ta kama sai ya bi hannunta har ya danne na katakon. Na shinshina, gaskiyarta. Zan gwada hular fata ko ta abin toshe kwalba, guda 48 ne sai an yanka kowacce da hannu.

Ɗan ƙanwata yanzu shekararsa tara, ban nuna masa ba tukuna, mamansa tace zata kawo shi ranar Asabar. Kafin nan akwai hulunan nan, akwai faifan jan ƙarfe biyu da suka fara ɗagowa daga katako sai an sake manna su, kuma har yanzu ban samu motar da zata ɗauki firam ɗin ba tare da an kwance shi gida huɗu ba. Saura kwana 26 a kafa.